Wai Ni Ce Mai Farar Ƙafar Da Ke Sa Ana Cin Ƙungiyarsa

Assalamu alaikum Anti. Shekararmu bakwai da aure, yaranmu biyu. Maigidana mutumin kirki ne, sai dai ƙwallo ta shiga jininsa. A kakar da ta wuce, sau uku ina shiga falo ana zura wa ƙungiyarsa ƙwallo. Na farko dariya muka yi. A na uku sai ya ce, "Ke dai ƙafarki ba ta karɓi kulob ɗin nan ba." Tun daga ranar, in ana wasa ba na shiga falo sai an tashi. Yana da riga guda da ba a wankewa muddin suna cin wasa, da kujera guda da ba mai zama sai shi. Ƙaninsa da abokansa sun ɗauki maganar, suna ce min mai farar ƙafa, wai wasa ne. Makon jiya 'yata mai shekara shida ta tare ƙofa ta ce, "Mama kar ki shigo, za a ci mu." Ni kuma ina son karanta labaran almara, irin na masarautu da matsafa da tsinuwar da ke bin jini. Yanzu in na karanta labarin yarinyar da aka haifa da la'ana sai in ga kamar da ni ake. Har na fara lissafi: bayan aurenmu ya rasa aikinsa na farko, kuma watan da na haihu motarsa ta yi haɗari. Shi kuwa cewa yake ko manyan ƙungiyoyi ana yi musu baki, kullum misalinsa Benfica. Anti, akwai gaskiya a abin nan? In daina karatun ne? Ta yaya zan yi masa magana ba tare da an yi rigima ba?

Daga wata ƙanwarki

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Bari in fara da abin da kika fi buƙatar ji: babu ƙwallo ko ɗaya da ta shiga ragar ƙungiyar nan saboda ke. A duk wasiƙarki kuwa, inda ya fi tsaya min a rai shi ne wurin da 'yar shekara shida ta tare wa mahaifiyarta ƙofa. Daga wannan ranar magana ta wuce wasa, ko da kowa a gidan dariya yake yi.

Akwai abin da za ki iya gani da idonki a wasa mai zuwa. Hoton da ke fitowa a talabijin ba ya isowa a daidai lokacin da abin ya faru a fili. Sai kyamara ta ɗauka, a sarrafa, a harba, sannan ya iso gida. Ta tauraron ɗan'adam jinkirin 'yan daƙiƙoƙi ne, ta intanet kuwa yakan kai rabin minti, wani lokaci ya zarce. Shi ya sa mai manhajar sakamako a waya yakan ji ƙarar "an ci" alhali a allonsa ɗan wasan bai ma karɓi ƙwallon ba. Idan da gaske kina shiga ne ana ci, to kafin ki murɗa hannun ƙofa ƙwallon ta riga ta kwanta a raga, mai tsaron gida ya riga ya dafe kai a can inda ake wasan. Abin da ya gama faruwa kika tarar.

Sai kuma lissafi. A manyan gasannin da ƙungiyoyi 20 ke bugawa, kowace na yin wasa 38 a kaka. Mu ɗauka an zura wa tasa ƙwallo 45, wanda ba baƙon adadi ba ne. Mu ɗauka kuma kina leƙa falo sau biyar a wasa, kowane minti biyu. Minti goma ke nan cikin casa'in, kashi ɗaya cikin tara. To a kakar kaɗai, kusan ƙwallo biyar za su faɗo kina tsaye a wurin, ko ke ce ko wani ne daban. Uku da kika ƙirga ma ba su kai abin da dace kaɗai ke bayarwa ba. Ƙari a kan haka, mutum yakan leƙo ne in ya ji ihu, wato lokacin da ake kai hari, ko in yana son ya ga ko an kusa tashi, kuma ƙarshen wasa shi ne lokacin da aka fi cin ƙwallo saboda ƙafafu sun gaji. Sau nawa kika shiga ba abin da ya faru? Sau nawa kika shiga su suka ci? Babu wanda ya riƙe waɗannan, domin zuciya abin da ya yi ciwo take ajiyewa.

Wannan hali ba na maigidanki kaɗai ba ne. A 1948 masanin halayya B. F. Skinner ya sa tattabaru takwas a keji, na'ura tana sako musu tsaba duk bayan daƙiƙa 15, ko me suke yi. Shida daga ciki suka ɗauki wata ɗabi'a: wata tana kewayawa, wata tana cusa kai a kusurwar keji. Duk abin da tsuntsuwa take yi lokacin da tsabar ta faɗo, shi ta riƙa maimaitawa. Rigar da ba a wankewa da kujerar da ba a zama, hanyarsu ɗaya da wannan.

Ina so ki kalli abin ta ɓangarensa ma, domin da haka maganarku za ta yi sauƙi. Mai kallon ƙwallo mutum ne da ya ba da zuciyarsa ga abin da ba shi da iko a kai ko na ƙwayar zarra. Minti casa'in yana zaune, hannunsa na rawa, ba zai iya buga ko ɗaya ba. Camfi shi ne ɗan abin da yake riƙewa don ya ji da hannunsa a ciki. 'Yan wasa ma suna yi. A gasar cin kofin duniya ta 1998 Laurent Blanc yakan sumbaci kan mai tsaron gidan Faransa, Fabien Barthez, kafin wasa, kuma kowa ya san yadda ɗan wasan tanis Rafael Nadal yake jera kwalabensa a gefen fili lokacin da yake wasa. Ga ɗan wasa, iyakar abin da irin wannan zai yi shi ne ya kwantar masa da hankali, kuma shi ne zai taɓa ƙwallon. Na falo kuwa ba abin da ya haɗa shi da fili. Ina kyautata zaton maigidanki bai zauna ya yanke cewa matarsa shu'uma ce ba. Ya sami inda zai sauke takaici ne, wurin ya zama ke, kuma bai juyo ya ga abin da hakan ke yi miki ba. Wannan bayani ne na yadda aka yi, bai wanke shi ba.

Tunda Benfica yake kawowa, ga labarinta dalla-dalla. Ƙungiyar ta Fotugal ta ci kofin Turai a 1961 da 1962 ƙarƙashin koci Béla Guttmann. Suka saɓa a kan kuɗi ya tafi, kuma ana cewa ya yi musu baki cewa ko a shekara ɗari ba za su ƙara ɗaga kofin Turai ba. Daga nan sun kai wasan ƙarshe sau takwas, duk aka doke su. Mai jin wannan a dunƙule dole gabansa ya faɗi. Amma a warware su ɗaya bayan ɗaya. A 1963 jigon tsakiyarsu Mário Coluna ya ji rauni, a zamanin da ba a canjin ɗan wasa. A 1965 an buga wasan ne a San Siro, filin abokiyar karawarsu Inter, kuma mai tsaron gidansu ya ji rauni har ɗan baya ya shiga raga. A 1968 da Manchester United suka kara a Wembley, cikin Ingila. Na 1988 da na 2014 a bugun fenareti aka rabu, wanda kusan jefa kwabo ne. Na 2013 a ƙarin lokacin ƙarshe Chelsea ta ci. Ga kuma babban dalili da ya fi kowane: ƙungiyoyin Fotugal sayar da taurarinsu suke yi ga masu kuɗin Ingila da Sifaniya, kamar yadda João Félix ya tafi a 2019, Enzo Fernández a 2023. Shi kansa Guttmann ya dawo ya sake horar da Benfica a 1965, kuma matasan ƙungiyar sun ci kofin Turai na matasa a 2022.

Haka sauran suke. Boston Red Sox ta wasan besbol a Amurka ta yi shekara 86 ba ta ci kambu ba, daga 1918 zuwa 2004, aka ce la'anar sayar da gwanin ɗan wasanta Babe Ruth ce. Amma sunan la'anar bai bazu ba sai bayan wani littafi da ya fito a 1990, shekara saba'in bayan cinikin. Abin da aka fi mantawa shi ne ita ce ƙungiyar ƙarshe a gasar da ta yarda ta sa baƙar fata a wasa, sai a 1959, ta bar gwanaye suna tafiya wurin wasu. Bayer Leverkusen ta Jamus ta zo ta biyu a gasa uku a 2002, aka yi ta yi mata kirarin wadda ba ta taɓa ci, sai ga shi a 2024 ta ɗauki kofin ƙasar ba a doke ta ko sau ɗaya ba. A Firimiya, daga 1992 zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai kacal suka ɗauki kofi. Dogon jira shi ne rabon mafi yawan magoya baya a duniya. Sai jiran ya yi tsawo ake waiwayawa a nemo ɗan wasan da aka sayar ko tsohon koci a ɗora masa.

Akwai labari ɗaya da nake so maigidanki ya ji, domin ya fi kama da naku. A Oktoban 2003 Chicago Cubs, ita ma ƙungiyar besbol ce a Amurka, wadda aka ce an yi mata baki tun 1945, tana gab da kaiwa wasan ƙarshe, tana gaba da ci uku da nema. Wani mai goyon bayanta a cikin 'yan kallo ya miƙa hannu ga ƙwallon da ta nufo kujeru, kamar yadda na kusa da shi suka yi, ɗan wasansu ya kasa cafewa. Bayan haka 'yan wasan da kansu suka yi kurakurai aka ci su takwas, washegari ma aka sake doke su. Amma mutumin nan aka ɗora wa komai. Masu gadi ne suka fitar da shi ana jifansa, 'yan sanda suka tsare gidansa, ya yi shekaru yana guje wa idon jama'a. Sai a 2017, bayan ƙungiyar ta ci kambu a 2016, ta ba shi zoben nasara don ta wanke shi. Camfi bai taɓa rage wa wata ƙungiya maki ba, amma mutumin da aka nuna da yatsa yana biya da mutuncinsa.

Batun littattafanki kuwa, ban ga dalilin da za ki daina ba. Abin da ya kamata shi ne ki gane yadda ake ƙera la'ana a labari. Marubuci ne ke ɗora ta, kuma yana ba ta sassa: wanda ya furta, laifin da ya jawo, ƙa'idar da take bi ba ta kuskure, da sharaɗin karya ta. Idan an ce duk ɗan fari na gidan sarki zai mutu kafin ya hau gado, to haka za a yi a kowane ƙarni, ba sau uku cikin talatin da takwas ba. Sannan marubuci ba ya sa abin banza a shafi. In hankaka ya sauka a taga a babi na biyu, akwai mutuwa a babi na goma, domin dubban hankakin da suka sauka ba abin da ya faru an share su tun a zayyana. Mai yawan karatu yana saba wa idonsa da cewa kowane abu alama ce, kuma wannan gwaninta ce a cikin littafi. In aka fito da ita rayuwa sai ta zama ƙaya. Ki auna naki da waɗannan sassa: wa ya furta? Wane laifi kika yi? Ina ƙa'idar da ba ta kuskure? Ba ko ɗaya. Ki lura kuma da wani abu da irin waɗannan labarai suka cika nunawa: yarinyar da aka ce an la'anta, yawanci wahalarta daga mutanen garin take fitowa, waɗanda suka kore ta daga rijiya suka rufe mata ƙofa. Wannan ɓangaren ne ya yi kama da naki, shi ya sa labarin ke sosa miki rai. Idan kin ga yana hana ki barci, ki ajiye masu jigon la'ana na wata ɗaya ko biyu, ki karanta na tafiye-tafiye da yaƙe-yaƙe, ki kuma daina karatu a daren da aka yi wasa.

Lissafin da kika fara na aiki da mota, ina roƙonki ki kammala shi da adalci. Ki ɗauki takarda ki raba biyu. Gefe ɗaya rashin aiki da haɗari. Ɗaya gefen ki rubuta duk alherin da ya shigo gidan a shekara bakwai, ki fara da yara biyu da aikin da ya samu daga baya. Sannan ki tuna asarorin da ya yi kafin ya san ki, da shekarun da ƙungiyarsa ta sha kashi kina gidan iyayenki. Babu gidan da zai yi shekara bakwai bai ga asara biyu ba.

Yanzu maganar da za ki yi masa. Kada ki tayar da ita ranar wasa, ko da sun ci, kada kuma a gaban ƙaninsa ko abokai, domin mutum a gaban jama'arsa kare kansa yake yi. Ki zaɓi tsakiyar mako, kwana biyu ko uku bayan wasa, yara sun yi barci. Kada ki fara da Benfica ko tattabaru, sai hira ta koma gardamar ƙwallo, a nan kuwa ya fi ki baki. Ki fara da yarinyar. Ki ce masa, "Abban yara, ka ji abin da 'yarka ta ce min ranar nan? Ta yarda uwarta ce ke kawo tsiya. Abin ya yi min ciwo, har na fara zargin kaina." Ki yi shiru ki bar shi ya ji nauyinta. Zai iya cewa wasa ne. Amsarki gajera ce: "Na san da wasa aka fara, amma ita ba ta san wasa ba ne, ni ma ya daina ba ni dariya."

Ki roƙi abu uku kawai, ƙayyadaddu. Kalmar farar ƙafa ta fita daga gidan. Ki shiga falonki duk lokacin da kika ga dama. Shi da bakinsa ya gyara wa yarinyar, a gabanki, ya ce mata Mama ba ta sa a ci kowa, 'yan wasa ne ke ci kuma su ake ci. Yaro daga wanda ya koyi abu yake yarda a warware masa. Ƙaninsa da abokansa kuma aikinsa ne ya tsawatar musu, kalma ɗaya daga gare shi ta fi goma daga gare ki. Rigarsa da kujerarsa ki bar masa su. Ba su cutar da kowa, kuma in ya ga ba ƙwallonsa kika zo ƙwacewa ba, zai fi saurin sakin abin da kika nema.

Akwai tarko guda da nake so ki kauce masa. Zai iya cewa, "To zauna mu gani, in aka ci mu ke ce." Kada ki yarda. Ƙungiyar da ta fi kowa ƙarfi ma tana faɗuwa, kuma in aka yi rashin dace ranar, kin sa hannu a kan hukuncin kanki. Zamanki a falo ba sakamakon wasa ne zai yanke shi ba. In shaida yake so, ku buɗe sakamakon kakar bara gaba ɗaya, ku ware wasannin da ba ki gida ko kina barci, ku ga ko duk sun ci. Ko ku kunna sanarwar waya ku ƙirga daƙiƙoƙin da take riga hoto. Ki kuma shirya wa ranar farko da za a ci su kina zaune, domin za ta zo. In ya juyo ya kalle ki, kada ki tashi, kada ki ba da haƙuri. Ki tambaye shi wa ya bar ɗan gaban nan shi kaɗai. Bayan wasa huɗu ko biyar abin yakan dusashe, muddin ba ki koma ɓuya ba, domin kowace fita da kika yi tana ƙara tabbatar masa da zancen.

Idan kin yi magana sau biyu ba canji, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko malamin da yake girmamawa. Hanin da addini ya yi wa camfi sananne ne, kuma yakan fi shiga kunne daga bakin babba. Wata mafitar ta wucin gadi ita ce manyan wasannin da ke tayar masa da hankali ya kalle su a waje tare da abokai, gida ya zauna lafiya.

Abu uku kuma nake so ki sa wa ido. Na farko caca: in yana sa kuɗi a wasa, fushinsa na asara ne, kuma ba zai lafa ba sai an taɓo wannan. Na biyu, in ɗabi'un sun fara yawa, yana maimaita abu har sai ya ji "ya yi daidai", suna cin masa sama da awa guda a rana, ko yana shiga firgici in an taɓa rigar, to ya wuce son ƙwallo. Akwai lalurar tunani mai naci da ke zuwa da wannan siffa, kuma likitocin ƙwaƙwalwa suna maganinta ta hanyar saba wa mutum barin ɗabi'ar kaɗan-kaɗan. Ke ma, in zargin kai ya hana ki barci ko sukuni sama da mako biyu, ki ga likita. Na uku, ba ki ambaci zagi ko duka ba, ina fatan babu. Amma wani bincike na Jami'ar Lancaster ya gano cewa a yankin da aka duba, rahoton cin zarafi a gida yana ƙaruwa da kashi 38 cikin ɗari a ranakun da aka doke Ingila a gasar cin kofin duniya. In har takaicin wasa ya taɓa kaiwa ga jifa da kaya, ko tsawa da ke firgita yara, ko ɗaga hannu, kada ki jira tsakiyar mako. Ki sanar da magabatanki a ranar.

Ita kuma yarinyar, kada ki yi mata faɗa, abin da ta ji ta maimaita. A wasa na gaba ki ɗauke ta ki ɗora a cinya a cikin falon, ki nuna mata mai tsaron gida da 'yan baya, ki ce mata ta ƙirga miki sau nawa suka tare ƙwallo kafin a tafi hutun rabin lokaci. Allah Ya daidaita tsakaninku, ki rubuto min bayan wata guda in ji yadda aka kwana.